Ɗinkin kujerar sabuwar motata ya saki: wa ya taɓa kai irin wannan gyaran a ƙarƙashin garanti?

Mai Farar Mota

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda abin ya taɓa faruwa da su. Yau sati bakwai ke nan da na ɗauko mota sabuwa dal daga wajen dila, ko kilomita 2,000 ba ta cika ba. Shekaranjiya ina goge cikinta sai idona ya kai kan kujerar direba, ta gefen da ke kallon ƙofa, na ga ɗinkin ya saki. Tsawon wurin bai wuce ɗan yatsa ba, zare biyu ne suka zazzago, amma in ka danna da babban yatsa kana hango soso a ƙasa. Injin lafiya lau, komai na aiki. Sai dai tun ranar, duk sanda na buɗe ƙofa nan idona yake fara sauka, kuma raina yana ɓaci, don shekara huɗu na yi ina tara kuɗin motar nan.

Wani abokina ya ce in kai wa mai ɗinkin kushin, minti goma ya gama. Wani kuma ya ce abin kunya ne mutum ya je gaban kamfani saboda zare biyu. Littafin garantina ya ce shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Irin wannan ya shiga ciki? In ya shiga, ta ina ake farawa?

Tsohon Bakanike

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin komai, kada ka bari kowa ya sa allura a wurin nan. Na yi shekaru a sashen sabis na dila kafin in ajiye aiki, kuma wannan gefen da ka kwatanta shi ne ya fi ɗaga min hankali. Je ka duba jikin majinginar kujerar ta gefen ƙofa. Idan ka ga wani ɗan ƙyalle ko tambari an rubuta "SRS" ko "AIRBAG", to akwai jakar iska a cikin kujerar. Ɗinkin wurin da gangan aka yi shi da zaren da zai tsinke cikin ƙiftawar ido idan an yi karo, don jakar ta fito ta tare haƙarƙarinka. Mai kushin zai ɗinke maka da zare mai ƙarfi, ya yi kyau a ido, ranar da ake buƙatar jakar kuma ta rasa hanyar fita yadda ya kamata. Shi ya sa a wajen dila ba a ɗinke irin wannan, rigar kujerar gaba ɗaya ake canzawa.

Batun kunya kuwa, cire shi daga ranka. Kuɗin garanti yana cikin kuɗin da ka biya. Kuma ba daga aljihun dila gyaran yake fita ba: shi zai yi aikin, ya tura wa kamfanin da ya ƙera motar takardu, kamfanin ya biya shi kuɗin kaya da na aiki. Abin da ya sa wani lokaci ka ga suna jan ƙafa shi ne idan suka yi gyara kamfani ya ce ba laifin ƙira ba ne, asarar a kansu take. Don haka suke son hoto, suke son amincewar kamfani kafin su taɓa, kuma tsohon kayan da suka cire ba sa ba ka, ajiye shi suke yi ko da kamfani zai nemi a aika masa.

Ka je cikin satin nan. Tambaya ɗaya ce za ta raba gardama: daga masana'anta abin ya zo, ko amfani ne ya cinye shi? A kilomita 2,000 ba mai iya ce maka zama ne ya tsinka zare. A kilomita 40,000 kuwa, gefen kujerar direba shi ne wurin da ake goga kullum wajen shiga da fita, nan take za a ce maka tsufa ne.

Maman 'Yan Biyu

Gaskiya Baba ya faɗa. Ni nawa murfin akwatin dashbod ne, wanda ke gaban mai zaman banza. Tun watan farko ba ya rufuwa daidai, gefe ɗaya ya ɗan sauko, da mun shiga gargada sai ya buɗe da kansa takardu su zubo. Kuskuren da na yi, ranar sabis na farko da baki kawai na gaya wa yaron da ya karɓi makulli. Ya ce ba komai Hajiya, za a duba. Na dawo na tarar an canza mai, an wanke mota, murfi yana nan yadda yake. Da na yi magana aka buɗe takardar aiki, babu ko kalma ɗaya a kan murfin.

Karo na biyu na tsaya a kan mai rubutun har ya rubuta, na karanta da idona, na sa hannu, na karɓi kwafi. A ranar suka gano maƙallin ne ya zo a karkace. Sai da na jira sati biyar kafin kayan ya iso, don irin waɗannan ƙananan kayan ciki ba sa ajiye su, sai an yi oda, kuma dole launin ya dace da na motarka. Sa shi bai kai awa ɗaya ba, ban biya ko sisi ba. Ɗan'uwa, duk abin da za ka faɗa musu, ka tabbata ya hau takarda da kwanan wata da adadin kilomita.

Direban Dogon Zango

Naku mai sauƙi ne tunda ana ganinsa da ido. Ni ƙara ce ta addabe ni, wata 'yar ƙis-ƙis daga cikin ƙofar baya ta hagu, kamar an saka ƙwaro a gwangwani. Sau uku ina kai motar, sau uku ana rubuta min cewa sun gwada ba su ji komai ba. Ban ce ƙarya suke yi ba. Su da rana tsaka suke fita da ita, su zaga kan kwalta mai santsi minti biyar su dawo. Ita kuwa ƙarar da sassafe take zuwa, lokacin da motar ta kwana a sanyi, kuma sai a hanya mai ƙananan ramuka, a gudun kilomita 40 zuwa 50. Da rana ta buɗe robobin suka ɗumama suka ɗan kumbura, sai su matse juna, ƙarar ta ɗauke.

Sai da na yi sati biyu ina lura kafin na gane haka. Na sa ƙanena ya zauna a baya yana danna wurare ɗaya bayan ɗaya muna tafiya, har muka kai ga inda in ya dafa da tafin hannu ƙarar take tsayawa, daidai ƙasan maɓallin gilashi. Ya ɗauki bidiyo da waya: ga ƙara, ya dafa ta ɗauke, ya saki ta dawo. Na liƙa ɗan tef a wurin. Sannan na roƙi a bar motar ta kwana a wajensu, washegari da safe na zo na ɗauki shugaban makanikan da kansa, ni na tuƙa, na bi da shi hanyar da na san za ta yi. Ba mu yi minti uku ba ya ce tsaya, na ji.

Da suka cire bangon ƙofar sai ga shi ɗaya daga cikin 'yan maƙallan roba da ke riƙe shi bai shiga raminsa ba tun daga masana'anta, ga kuma wata waya tana lilo tana bugun ƙarfe. Suka sa sabon maƙalli, suka naɗe wayar da wani tef mai laushi kamar ƙyalle. Shekara biyu ke nan ban sake jin ta ba. Kuma waɗancan takardu uku da aka rubuta ba a ji komai ba, har yau suna wajena, don su ne shaidar cewa tun motar tana sabuwa na kai ƙorafi.

Mai Lura

Ni kam bari in kawo ɗaya gefen, don kada a ɗauka kullum da daɗi ake rabuwa. Wani ɗan tabo ne a saman dashbod ɗina, kamar an ɗiga wani abu lokacin ƙira, bai kai girman ƙwayar wake ba. Na nace sai an canza, suka amince. Abin da ban sani ba shi ne canza saman dashbod yana nufin a kwance sitiyari, da rediyo, da bututan iskar sanyi, da wayoyi masu yawan gaske. Kwana uku motar ta yi a wajensu. Tabo ya tafi, amma na karɓi mota da ƙarar da ba ta da ita a da, ga kuma ƙarcewa a jikin robar da ke kusa da giya, inda wani ya sa sukundireba ya ɓanɓare. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Ƙarcewar ce ta fi ba ni wahala, don cewa suka yi da ita na kawo motar, ni kuma ba ni da hoton da zan nuna. Sai da na kai magana wajen manajan sashen kafin aka canza robar. Ƙarar kuwa ta ragu amma ba ta tafi duka ba. Da yau ne, zan sa a rubuta tabon a takarda, sannan in tambaya me da me za a kwance kafin a kai gare shi, in auna. Na kujerarka dai daban ne, wannan dole a gyara. Amma ranar da za ka kai ta, ka ɗauki hoton cikin motar ko'ina a gaban mai karɓa: ƙofofi, dashbod, kujeru, rufin sama, har da allon kilomita. Ranar karɓa kuma kada ka yarda a miƙo maka makulli da magariba ka wuce, ka duba a cikin haske kafin ka sa hannu.

Malamin Makaranta

Nawa ƙin yi suka yi, kuma daga baya na gane suna da hujja. Fatar sitiyarina ce ta fara saɓulewa a wata na goma. Bakaniken ya shafa, ya shinshina yatsansa, ya tambaye ni me nake gogewa da shi. Na ce man sa sheƙi da nake fesa wa dashbod, ga kuma ruwan tsaftace hannu mai sinadarin barasa da nake shafawa in kama sitiyari hannuna bai bushe ba. Ya buɗe min littafin motar, ga shi a rubuce cewa da ƙyalle mai laushi da ruwan sabulu marar ƙarfi ake goge fata. Ban taɓa karanta shafin ba. Saboda duk sabis ɗina a wajensu nake yi, manajan ya nema min sassauci daga kamfani aka raba kuɗin, amma ya gaya min a fili cewa alfarma ce, ba garanti ba.

Baba Tsohon Bakanike, ina da tambaya. Na sa kyamarar gaban mota a wani wuri, ba wajen dila ba, an bi da wayarta ta cikin ginshiƙin da ke gefen gilashin gaba. Wani ya ce min wai garantina gaba ɗaya ya mutu. Haka ne?

Tsohon Bakanike

A'a Malam, bai mutu ba. Abin da kayan da ka ƙara ya lalata shi ne ba za su ɗauka ba. Idan robar ginshiƙin nan ta fara ƙara, ko maƙallinta ya karye, za su ce wanda ya sa maka waya ne ya jawo, kuma da wuya ka musa. Amma ba ruwan kyamara da injin ko giya. A Amurka ma doka ce tun 1975, wadda ake kira Magnuson-Moss, ta hana kamfani ɗaure garanti da sharaɗin sai kayansa kaɗai za ka yi amfani da su. Kowace ƙasa da tata dokar, don haka littafin garantinka shi ne abin fara dubawa. Abin da zan roƙe ka shi ne ka sa a duba yadda aka bi da wayar, domin a motoci da yawa jakar iska ta gefe tana naɗe a saman ƙofofi har zuwa wajen ginshiƙin nan, kuma bai kamata waya ta gitta ta gabanta ba.

Sai abu biyu da ban faɗa ba ɗazu. Na farko, ba komai ne ke cin shekara 3 ɗin ba. Wasu kamfanonin sun ware abin da suke kira daidaitawa, wato gyaran da ba a canza kaya, kamar saita murfi ko ƙofa, sun ba shi wata 12 kacal ko kilomita 20,000. Mutum yana zaune yana cewa ai da sauran lokaci, ashe nasa wa'adin ya wuce. Na biyu, idan matsala ta yawaita a wani samfurin mota, kamfani yakan aika wa dilolinsa sanarwar gyara, ya bayyana musu abin da ke jawo ta da yadda za a magance ta. Ba a kiran masu mota a kan wannan, sai wanda ya kawo ƙorafi. Ka ba su lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ka ce a duba ko akwai sanarwa a kan motarka. Sau da yawa na ga gardamar wata guda ta mutu a minti biyar saboda wannan.

Mai Farar Mota

Allah ya saka muku da alheri, musamman Baba. Na duba, tambarin yana nan a gefen kujerar kamar yadda ka ce, gabana sai da ya faɗi da na tuna saura kaɗan in kai wa mai kushin. Jiya da safe na je. Na ɗauki hotunan cikin motar a gaban mai karɓa, na tsaya ya rubuta ƙorafin, kilomita 2,140, na karɓi kwafina. Shugaban makanikan ya zo ya ja zaren a hankali, ya ce ɗinkin bai kama bakin fatar sosai ba tun daga masana'anta. Sun ɗauki nasu hotunan sun tura wa kamfani, yau da rana aka kira ni cewa an amince za a canza rigar majinginar gaba ɗaya. Sun ce kayan zai ɗauki sati uku zuwa huɗu, aikin kuma yini ɗaya ne. Na tambayi abin da za a kwance, suka ce kujerar kaɗai za a fitar, ba za a taɓa dashbod ba. Kafin nan an ce kada in ja zaren, kada in sa gam, kada kuma in rufe kujerar da wata riga. Idan an sa sabuwar zan dawo in gaya muku ko launin ya dace da na ɗaya kujerar, don shi ne abin da ya rage yana damuna.