Lissafin rabi-rabi: a ina yake kayar da yaranku?

Malamin fiziks, Zariya: Assalamu alaikum. WAEC ta gabato, kuma wuri ɗaya yarana ke tuntuɓe kullum, wato lissafin wa'adin rabi, lokacin da sinadari mai fitar da tururin nukiliya ke ɗauka kafin rabinsa ya rikiɗe. Na rubuta a allo: ayodin-131 giram 80, wa'adinsa kwana 8, nawa zai saura bayan kwana 16? Aji ya ɗauka baki ɗaya: "Ya ƙare ƙaf, Malam!" Wai 40 ya tafi a zangon farko, 40 a na biyu. Alhali kowane zango rabin abin da ya saura yake ci: 80, 40, 20. Ku yaya kuka yi da shi?

Ɗalibar aji ɗaya a jami'a: Wa alaikumus salam, Malam. Mu malaminmu na JAMB hana mu taɓa kalkuleta ya yi. Ka raba kwanakin da wa'adin, ka san zango nawa ne, sai ka riƙa lanƙwasa yatsa kana rabawa biyu. Amma akwai tarko a ƙarshen tambaya. Kwana 24 zango uku ne, saura giram 10. In suka ce nawa ya rikiɗe, amsa 70 ce, kuma wallahi duka biyun za ka tarar a cikin zaɓin.

Ma'aikaciyar ɗakin hoto a asibiti: Malam, ka faɗa musu wasu da wannan lissafin suke cin abinci. Teknishiyam-99m da ake yi wa majinyaci allurarsa kafin hoton ƙashi, wa'adinsa awa 6 ne. Abin da aka auna ƙarfe 8 na safe, kafin 2 na rana ƙarfinsa ya koma rabi, washegari da safe kashi ɗaya cikin 16 ne kawai. Shi ya sa idan majinyaci ya makara muke ta duban agogo, 'yan uwansa su ɗauka gajen haƙuri ne.

Direban Kano zuwa Kaduna: Ni ba ɗan boko ba ne, amma ɗana ya kawo wata tambaya mai irin wannan tarkon. Mota ta tafi da gudun kilomita 60 a awa, ta dawo da 40, nawa ne matsakaicin gudu? Ya rubuta 50. Na ce kai yaro, wa ya gaya maka? Ɗauka hanyar kilomita 120 ce. Zuwa awa 2, dawowa awa 3. Kilomita 240 a awa 5, ka ga 48 ke nan. A tafiyar da ka yi a hankali ka fi daɗewa, dole ita za ta rinjaya. Duk wanda ya taɓa bin bayan tirela ya san haka.

Malamin fiziks, Zariya: Baba direba, Allah ya ƙara girma. Gobe da wannan zan buɗe aji.

Ɗan Damaturu: Ni da kwalekwalen Dufuna nake jawo hankalin ƙannena, wanda wani makiyayi ya gano a 1987 yana haƙa rijiya a nan Yobe. Gwajin kabon-14, sinadarin da ake auna shekarun tsofaffin abubuwa da shi, ya nuna ya kai shekara 8,000. Wa'adin kabon-14 shekara 5,730 ne, zango biyu 11,460. To kwalekwalen ya wuce zango ɗaya, bai kai biyu ba, don haka kabon da ya saura a itacen yana tsakanin rabi da kwata, wajen kashi 38 cikin 100. Daga nan ne yatsu ke gazawa, sai a ɗauko logaridim.

Ɗalibar aji ɗaya a jami'a: Baba direba, ga naka. Famfo ɗaya na cika tanki a awa 6, ɗaya a awa 3. In aka buɗe su tare fa?

Direban Kano zuwa Kaduna: 'Yata, a awa 6 na farko ya cika tanki ɗaya, na biyu ya cika biyu. Tanki uku a awa 6, kowanne awa 2. In dai an kawo ruwan.