Yaya ake jera sifofi a rubutun Turanci?

Ɗalibi daga Fagge:
Assalamu alaikum. Ina shirin jarrabawar WAEC, kuma malaminmu ya ja layi a ƙarƙashin "a leather red small bag" da na rubuta game da jakar da na saya a Kasuwar Kurmi. Ina kuskuren yake?

Malama daga Gwale:
Wa'alaikumus salam, ɗana. Kuskuren yana cikin jerin, domin Turanci yakan fara da ra'ayi, sai girma, shekaru, fasali, launi, asali, sannan abin da aka yi kayan da shi. Daidai shi ne "a small red leather bag". Hausa ta ba mu damar cewa "jar jaka" ko "jaka ja", shi ya sa muke tuntuɓe a nan.

Malami daga Kabuga:
Malama ta yi gaskiya, sai dai idan sifar tana jan wasu kalmomi a bayanta, takan koma bayan sunan: "a bag full of books". Kuma ba a yi wa sifa jam'i, saboda haka "reds bags" kuskure ne, ko da yake mu mukan ce "jajayen jakunkuna".

Ɗalibi daga Fagge:
Na gode, Allah ya ƙara ilimi.