Odar ƙasar waje na cin jikinmu, wa zai tsawatar wa mai odar?

Mai Keken Ɗinki:
Assalamu alaikum. Shekarata 6 a wata masana'anta da ke ɗinka wandon jins ana fita da shi ƙasashen waje. Aikina ɗaya ne tal: in ɗinka aljihun baya, in miƙa wa ta gaba, in jawo wani. Idan babu gaggawa awa 8 muke yi. Amma da an ce jirgin ruwa zai tashi ranar kaza, kwantena kuma ba ta cika ba, sai a koma awa 12, har ranar hutu. Watan jiya mako uku muka yi a haka. Yanzu babban yatsana da manuni na hannun dama sukan mutu cikin dare, in farka ina yarfe hannu. Shekaranjiya kofi ya suɓuce mini, ban ma ji lokacin da na sake shi ba. In na fyace hanci kuwa shuɗi ne ke fitowa, kalar yadin.

Da muka yi ƙorafi, mai kula da layinmu ya ce shi ma umarni aka ba shi, wai in kaya suka makara mai oda zai zaftare kuɗi ko ya kai aikin wata ƙasa. Gaskiya ne, ko tsorata mu ake yi?

Ma'aikaciyar Jinya:
Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Wannan alama ta yi kama da matsewar jijiyar da ta ratsa wuyan hannu, tana yawan samun masu maimaita motsi ɗaya yini guda. Don Allah ki ga likita tun tsokar gindin babban yatsan ba ta fara ramewa ba, ki kuma faɗa masa ainihin aikin da kike yi domin ya rubuta. Awa 12 kullum awa 84 ke nan a mako. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da bincike cewa mai yin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a kansa ya ƙaru da kashi 35 cikin 100 a kan mai yin awa 35 zuwa 40.

Tsohon Ɗan Ƙwadago:
'Yata, duka biyun ne: gaskiya ya faɗa miki, kuma da ita yake tsorata ku. Abin da ba na iya mantawa shi ne Rana Plaza, wani bene mai masana'antun ɗinki a Bangladesh. Ranar 23 ga Afrilu, 2013 aka ga bene ya tsattsage. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, amma aka ce masu ɗinki su dawo washegari. Suka dawo, ginin ya rufta da su, mutum 1,134 suka rasu. A cikin ɓaraguzai aka riƙa tsintar tambarin manyan kamfanonin Turai da Amurka. Sai bayan nan kamfanoni fiye da 200 suka sa hannu a yarjejeniyar duba gine-gine da kariyar gobara wadda doka za ta iya kama su da ita. Ashe da ma suna iyawa.

Awa 8 a yini da 48 a mako kuwa ba alfarma ba ce, ita ce yarjejeniyar farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar tun 1919. Inda gizo ke saƙar, a taron Singafo na 1996 Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya ta bar wa ta ƙwadagon batun haƙƙin ma'aikata, ta ƙwadagon kuma ba ta da sandar duka. Ku riƙa rubuta awanninku kullum a littafi, ku da yawa. Takarda ake ji, ba kukan mutum ɗaya ba.

Akawun Fitar da Kaya:
Baba, a yi mini afuwa, ba duk laifin ne na mai oda ba. Ni nake cike takardun kwantena, na sha ganin masana'anta ta karɓi odar da ta fi ƙarfinta don kada ta tafi hannun wani. In aka makara, ita za ta biya kuɗin ɗaukar kayan a jirgin sama, shi ya sa ake matse layi. Kuma tafiyar aiki ba ƙarya ba ce. Turkiyya ta hana koɗar da jins da feshin yashi a 2009 bayan ƙurar ta lalata huhun samari da dama, sai aikin ya ci gaba a wasu ƙasashen. 'Yar'uwa, ana feshin yashi a wurinku?

Mai Keken Ɗinki:
Na gode ƙwarai. Ba a yi a ɓangarenmu, amma akwai ɗakin wanki a baya da ban taɓa shiga ba, zan tambayi masu aiki a can. Takunkumin hanci ranar da baƙi masu duba aiki za su zo kawai ake raba mana. Na sayi littafi, mu huɗu mun fara rubuta awanni tun jiya, jibi kuma zan je asibiti in Allah ya yarda.