Neman kalma: me za a kira wanda ake ajiyewa domin cike gurbin ɗan wasan zamiyar ƙanƙara da ya janye?

Mai Shirin Wasanni: Assalamu alaikum, malamai. Ina da bayani na minti biyar da zan gabatar a filin wasanni na rediyo ranar Juma'a da yamma, kuma dole ne in miƙa wa edita rubutun kafin azahar ɗin Alhamis. Batun shi ne dokokin da hukumar wasannin zamiyar ƙanƙara ta duniya, wato ISU, mai hedikwata a Lausanne ta ƙasar Suwizalan, take bi idan ɗan wasa ya janye daga gasa. Sunan wasan bai dame ni ba, haka kuma kalmar janyewa ta wadatar da ni. Inda na cije shi ne sunan mutumin da ake ajiyewa domin a kira shi idan wani ya fasa zuwa, wanda takardun hukumar suke kira "substitute", 'yan jarida kuma suke cewa "alternate". A jerin gasannin Grand Prix, alal misali, ana yin gasa shida a ƙasashe daban-daban, ana tara maki, sannan shida mafiya maki a kowane rukuni (na maza, na mata, na 'yan bibbiyu da na rawar ƙanƙara) su tafi gasar ƙarshe, a rubuta sunayen ukun da ke biye da su a ajiye. A shekarar 2018 Yuzuru Hanyu na Japan ya ji rauni a idon sawu a Mosko, ya janye daga gasar ƙarshe da aka yi a Vancouver ta Kanada, sai aka kira Keegan Messing na Kanada. To, mene ne sunan Messing da Hausa kafin a kira shi?

Mai Sharhin Ƙwallo: Wa alaikumus salam, Malama. A ganina wannan bai kai a tara malamai a kansa ba, domin duk mai sauraron filin wasanni ya san ɗan benci. Ki ce Messing ɗan benci ne na farko, kowa zai gane, daga mai shayi har direban tasi.

Tsohon Edita: Zai gane, amma abin da zai gane ba shi ne gaskiyar lamarin ba. Ɗan benci yana bakin fili sanye da rigar ƙungiya, yana kallon wasa, kuma ana iya sa shi a minti na saba'in. Wannan kuwa yana gidansa, wataƙila ma a wata nahiyar, yana atisaye ba tare da tabbacin za a neme shi ba, kuma da zarar an fara gasa ƙofa ta rufe: wanda ya ji rauni bayan zagayen farko ya fita ke nan, gurbinsa ya tafi a banza. Ina kuma roƙon kada wani ya kawo mana ɗan canji, domin mai sauraro a Kano zai ɗauka wani ne daga Wapa ya tafi Kanada da jakar daloli. Ni dai na fi karkata ga ɗan ko-ta-kwana, tunda aikinsa ke nan, zama cikin shiri.

Mai Sharhin Ƙwallo: Ranka ya daɗe, na karɓi gyara, sai dai ba duka ba. A gasar ƙungiyoyi ta Olamfik, wadda aka fara a Sochi a 2014, ana barin ƙasa ta sauya 'yan wasa har a rukuni biyu tsakanin gajeren zagaye da dogon zagaye. A nan dai benci ya samu wurin zama.

Hajiya Mai Fassara: Ya samu, amma ba shi ne abin da 'yar'uwarmu take tambaya ba. Kafin a zaɓi kalma, ya kamata a lura cewa tsari biyu ne ake kira da suna ɗaya, kuma bambancinsu yana ga mai gurbin. A gasar ƙarshe ta Grand Prix gurbin na wanda ya tara maki ne, saboda haka idan ya janye sai a sauko kan jeri a ɗauki na bakwai, ko daga wace ƙasa yake. Shi ya sa ɗan Kanada ya shiga wurin ɗan Japan. A gasar cin kofin duniya kuwa gurbin na ƙasa ne. Kowace ƙasa tana iya samun har uku a rukuni, gwargwadon abin da 'yan wasanta suka yi a bara: idan aka haɗa matsayin biyu daga cikinsu bai wuce 13 ba ta sami uku, idan bai wuce 28 ba ta sami biyu. Idan ɗanta ya janye, hukumar wasan ta ƙasar ce take tura wani daga cikin sunayen da ta riga ta bayar, muddin ya cika sharaɗin mafi ƙarancin makin fasaha da ISU ta gindaya. Kazuki Tomono na Japan ya ɗanɗana wannan sau biyu. A 2018 ya je gasar duniya da aka yi a Milan ta Italiya a gurbin Hanyu, ya zo na biyar. A 2022 kuma Hanyu ya sake janyewa daga gasar duniya da aka yi a Montpellier ta Faransa, aka sa Kao Miura, shi ma rauni ya hana shi, sai kira ya sake faɗowa kan Tomono. Wannan ne ya sa na'ibi da wakili da muƙaddashi duk ba su dace ba, domin na'ibi yana jan salla ne da izinin liman, wakili yana magana da yawun wanda ya aiko shi, shi kuwa wannan da sunan kansa yake wasa, kuma lambar da ya ci tasa ce. Magaji ma yana da ƙanshin rasuwa. Shawarata ita ce ɗan jiran gurbi, kamar yadda muke cewa mai jiran gado, kuma gurbi kalma ce da masu sauraro suka saba da ita tun daga zaɓen cike gurbi.

Malamin Nahawu: Abin da yake ba ni takaici a irin wannan zama shi ne, duk lokacin da aka nemi kalma sai a kawo jimla. Ɗan jiran gurbi kalmomi uku ne, ɗan ko-ta-kwana huɗu, alhali harshen yana da injin ƙirar sunaye da kakanninmu suka bar mana. Daga rubuta muka sami marubuci, daga gina magini, daga gada magaji. Aikatau ɗin da ake nema a nan shi ne maye, kamar a maye gurbi, saboda haka sunan mai aikin shi ne mamayi, mace mamayiya. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina wannan kalma, kuma babu wanda ya taɓa kawo mini hujjar nahawu da ta rushe ta. Ki ce Messing ne mamayi na farko, magana ta ƙare.

Ɗan Maraɗi: Allah ya gafarta Malam, ƙirar ta bi ƙa'ida, amma ina roƙon a faɗa mana jam'inta. Idan marubuci ya ba da marubuta, magini ya ba da magina, to mamayi zai ba da mamaya. Ranar da Malama ta ce Japan ta shirya mamaya uku domin gasar Faransa, mai sauraro a Maraɗi zai ajiye kofin shayinsa ya jira labarin yaƙi. Ga kuma maye na abin sha da maye na maita suna tsaye a bakin ƙofa, ko da yake karin sautinsu ya bambanta.

Malamin Nahawu: Karin sauti da tsawon wasali su ne suke raba su, kuma mai karanta labarai da ba ya iya raba su bai cancanci zama gaban makirfo ba. Gaskiyar magana ita ce gidajen rediyo ne suka sangarta mutane da aron kalmomi, har aka wayi gari ana ganin benci ya fi kalmar da aka ƙera da kayan gida daraja.

Tsohon Edita: Malam, na yi shekaru ina gyara rubutun labarai, kuma ban taɓa ganin kalmar da ta rayu don an rubuta ta a allon aji kawai ba. Sunan da kake amsawa da shi a nan, nahawu, daga Larabci muka aro shi, makirfon da ka ambata kuma daga Turanci. Ita kanta ƙanƙara da muke ta maimaitawa, ta sama ce da ke faɗowa da ruwan damina muka sani, amma mutane suka miƙa ta har ta rufe ta cikin firji da filin da ake zamiya a kai, ba tare da wani kwamiti ya zauna ba.

Malamin Nahawu: Aron Larabci daban ne, ranka ya daɗe, domin ya shigo ta hanyar ilimi ya zauna ɗaruruwan shekaru. Ba a haɗa shi da abin da aka tsinta a gidan kallon ƙwallo.

Ɗan Maraɗi: Ke nan darajar kalma tana ga ƙofar da ta shigo ta ciki. Mu a nan samarinmu kalmar Faransanci suke amfani da ita a fili, benci ma baƙo ne a kunnen wasunsu, amma duk lokacin da ake yanke hukunci kan Hausa sai a yi kamar iyakarta Jibiya. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa nake goyon bayan Hajiya, domin jira da gurbi babu wanda zai nemi a fassara masa su, ko a Damagaram ko a Zangon Kumasi.

Mai Shirin Wasanni: Malamai, ina godiya, amma Alhamis tana matsowa, kuma edita ba zai karɓi muhawara a madadin rubutu ba. Ga abin da na tsayar. Kafin a kira mutum zan ce ɗan jiran gurbi na farko, ko na biyu, ko na uku. Bayan an kira shi zan ce ya maye gurbin wane, wanda hakan ya ba wa aikatau ɗin Malam haƙƙinsa. Ko-ta-kwana zan yi amfani da ita sau ɗaya wajen bayyana halin da suke zama a ciki. Zan kuma buɗe bayanin da rarrabewar Hajiya tsakanin gurbin mai maki da gurbin ƙasa, domin na ga can ne mai sauraro zai fi ruɗewa.

Hajiya Mai Fassara: Hakan ya yi, 'yar'uwa. Ki dai kula da rukunin 'yan bibbiyu da na rawar ƙanƙara, inda mace da namiji suke wasa tare: idan ɗayansu ya ji rauni su biyun ne suke janyewa, a kira wasu biyun, ba a sauya abokin wasa shi kaɗai. A can sai ki ce 'yan jiran gurbi.

Malamin Nahawu: Tunda lokaci ya ƙure, a karanta hakan ranar Juma'a, ban hana ba, amma kada a rubuta cewa na amince. Kalmomi uku ba su zama suna ba, kuma idan ɗan jiran gurbi na farko ya maye gurbi, na biyu ya koma na farko, zan so in ji yadda za a faɗi wannan a numfashi ɗaya. Batun jam'in mamayi kuwa, ina nan ina dubawa.