Neman kalma: me za mu kira "lineman" da Hausa? Gobe zan shiga shiri

Mai Shirin Wasanni: Assalamu alaikum. Jama'a a agaza mini. Gobe da la'asar zan ba da tarihin Art Shell, ɗan wasan American football, wanda ya yi wa ƙungiyar Raiders wasa daga 1968 zuwa 1982, sannan a 1989 mai ƙungiyar, Al Davis, ya naɗa shi babban koci. Shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami a NFL, babbar gasar wasan a Amurka, tun bayan Fritz Pollard a shekarun 1920. Komai na rubuta, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: matsayinsa a fili, wato lineman. Su biyar ne ƙarti, suna durƙusawa a jere a gaban mai jefa ƙwallo. In aka miƙa ƙwallon, aikinsu su tare abokan hamayya da ƙirji, ko su buɗe wa mai gudu hanya. Ban da na tsakiya mai miƙa ƙwallon, sauran sai a gama wasa ba su taɓa ta ba.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Ɗan baya mana.

Mai Shirin Wasanni: A'a Baban Ummi, a gaba suke tsayawa, kuma ɓangaren masu kai hari ne. In na ce ɗan baya, mai sauraro zai ɗauka irin na tamaula ne.

'Yar Zazzau: Dogari fa? Aikinsa kenan, kada a taɓa sarki.

Ɗan Damagaram: Dogari ya yi daɗi a kunne, amma bai nuna jeri ba. Ni dai ɗan sahu. Duk Bahaushe ya san sahu, kafaɗa da kafaɗa, ba a barin giɓi. In giɓi ya samu an shiga an kayar da mai jifa.

Malamin Nahawu: Duk kun bar hanya. Hausa na da ma'aunin mai aikatawa, ma-…-i, kamar manomi da maƙeri. Daga shinge sai mu ce mashingi, jam'i mashinga. Na fi shekara goma ina koyar da wannan a aji. Sannan ɗana, cire "koci" daga rubutunka. Mai horarwa ya ishe ka.

'Yar Zazzau: Allah ya gafarta Malam, ma'aunin daga aikatau yake fita, noma da ƙira. Shinge suna ne. In ma'aunin za a bi, sai dai matari, daga tare.

Malamin Nahawu: Ana cewa a shinge gona, ashe ba aikatau ba ne? Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaran yanzu sun fi jin kunyar sabuwar kalmar Hausa a kan ta Turanci. Wanda ya fara cewa jirgin sama ai shi ma ƙirƙira ya yi.

Baban Ummi: Malam, koci ta riga ta zauna, har jam'i gare ta. Je ka gidan kallon ƙwallo ka ce mai horarwa ka ji ko za a amsa maka. Ni tambayata ma, wa ke kallon wannan wasa a nan da har za mu wahalar da kanmu?

Mai Shirin Wasanni: Ana kallo, ko da kaɗan ne. A 1989 ɗin nan da aka naɗa Shell, ɗan Enugu ne, Christian Okoye, ya fi kowa gudu da ƙwallo a gasar. Kuma abin da ya ja ni ga labarin Shell shi ne mutumin da ya shekara goma sha biyar yana aikin da ba a tafa masa, ya ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, sau biyu, ya shiga zauren gwarazan wasan, daga baya aka damƙa masa ƙungiyar gaba ɗaya. A 1990 ya ci wasa 12 cikin 16. Kocinsa ma, John Madden, wannan matsayin ya buga kafin gwiwa ta hana shi. Ina so kalmar ta ɗauko wannan nauyin.

Ɗan Damagaram: To ka ga sahu kenan. Mutum ya daɗe a sahu kafin ya ja salla.

Malamin Nahawu: Kada a haɗa salla da wasa. Kuma ku mutanen Nijar kullum sai kun nuna Hausarku ta fi ta Kano tsabta.

Ɗan Damagaram: Malam ban ce haka ba. Sahun sojoji ma sahu ne. Mu da ke fama da Faransanci a bakinmu, ina muka ga ta cewa?

'Yar Zazzau: Akwai matsala ɗaya dai. Masu tsaro ma suna da nasu jerin da ke fuskantar wannan, su ma lineman ake ce musu. Ɗan sahu kawai bai raba su ba.

Baban Ummi: A ce garkuwa.

'Yar Zazzau: A halin da ake ciki, ka ce garkuwa a rediyo hankalin mutane wani wajen zai tafi.

Mai Shirin Wasanni: Gaskiya ne. Na gwada su da baki yanzu a gaban ƙanena, ɗan aji uku. Da na ce mashingi ya ce mene ne haka. Da na ce ɗan sahun kariya ya ce, "masu tare wa mai jifa?" Da ita zan shiga. A karon farko zan ƙara da cewa su ne dogaran mai jefa ƙwallo, don kalmar Hajiya ta taimaka wajen bayani. Na ɗaya ɓangaren kuma 'yan sahun kutse, in buƙata ta taso.

Malamin Nahawu: Kalma uku a wurin ɗaya. Ban gamsu ba, amma shirinka ne. Ko sau ɗaya dai ka ce mai horarwa.

Mai Shirin Wasanni: Zan faɗa Malam, a buɗe shiri. Saura sunan wasan kansa: ƙwallon ƙafar Amurka zan ce, ko zari-rugar Amurka?

Baban Ummi: Wannan kuma sai an buɗe masa nasa zaren.