Shiga harkar kayan tsaro: shawarwarin zaman Gusau

Matasan Gusau masu haɗa jirage marasa matuƙi sun zauna kan yadda ƙaramin kamfani zai samu kwangilar kayan tsaro. Kowa takardu ya fara ambata: rajistar CAC (hukumar yi wa kamfanoni rajista), shaidar biyan haraji, sai shigar da suna a rumbun bayanan BPP (hukumar sa ido kan ba da kwangilolin gwamnati). In babu su, ko kallo ba ka ishi ma'aikatar gwamnati ba.

Kuɗin bincike na TETFund (asusun tallafa wa manyan makarantu) kuwa ta hannun malamai yake fita, don haka a nemi abokin aiki a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Foliteknik ta Ƙauran Namoda. Dokar DICON (kamfanin ƙera kayan tsaro na gwamnati) ta 2023 ta ba kamfanoni masu zaman kansu damar haɗin gwiwa da shi. Amma fa, a Zamfarar yau, kada a kuskura a tashi jirgi ba izinin NCAA (hukumar kula da sufurin jiragen sama) da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.