Likita ya ce sai an cire wa 'yata haƙora huɗu kafin a sa mata wayar daidaita haƙora

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku taimaka min da shawara, hankalina a tashe yake. Ummi shekararta 14, haƙoranta na gaba sun hau juna, fiƙarta ta dama ta fito can sama a dasashi, ba ta dariya sai ta kare baki da gefen hijabi. Tun tana ƙarama take tsotsar yatsa, kakarta ta sha shafa mata maɗaci, bai hana ba. Mun je wani asibiti a Sabon Gari, likita ya ce sai an cire huɗu masu lafiya, biyu sama biyu ƙasa. Kakar ta ce atafau, cire haƙorin sama yana taɓa ido. Ni kuma na riga na biya rabin kuɗi.

Baban Khalil, Samaru: Wa alaikumus salam Hajiya. Maganar ido babu ita, jijiyar gani daban, ta haƙori daban. Waɗanda aka fi cirewa su ne na bayan fiƙa, kowanne faɗinsa kusan milimita 7, wato biyu suna ba da fili kusan milimita 14 a muƙamuƙi ɗaya. In cunkoson bai wuce milimita 4 ba, yawanci ba a cirewa. In ya kai 10, da wuya a kauce. Tsakaninsu sai likita ya duba fuska da leɓe. An ɗauki hoton eksire na muƙamuƙi duka da na gefen kai? An auna?

Anti Nas: Ni dai a ji ta bakin likita na biyu a asibitin koyarwa na Shika. Akwai kankare gefen haƙora kaɗan don a samu fili, wato gogewa, bai wuce rabin milimita tsakanin kowane biyu ba. Wanda aka cire ba ya dawowa. Abin da ke ƙona min rai, iyaye su yarda a cire, wata huɗu su daina zuwa, a bar yarinya da giɓi huɗu.

Baban Khalil: Anti, gogewa ba za ta samar wa fiƙar da ta maƙale a sama wuri ba. In aka matsa haƙora ba fili, gaba suke turowa, dasashi ya janye, leɓe ya ƙi rufuwa. Giɓin kuwa yana rufuwa kusan milimita 1 a wata, aikin duka wata 18 zuwa 24, ana ɗaure waya duk sati 4 zuwa 8, bayan nan sai robar riƙe haƙora da dare.

Maman Ummi: Hoton ban tambaya ba, amma likitan ya duba ta sosai. Shika kuma layi, ga makaranta. Ba sakaci na yi ba.

Anti Nas: Ba a cire haƙori mai lafiya ba hoto, Hajiya. In har za a yi, ki faɗa musu ko tana da sikila. Bayan an cire, ta cije auduga minti 30, ba kurkure baki ba tofarwa sai bayan awa 24, don kada gudan jinin ya fita ramin ya yi ta zogi. Daga nan ta riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri rabin ƙaramin cokali.

Maman Ummi: To kuɗin da na biya fa? Alhamis aka ba mu, kuma babanta bai ma sani ba tukuna.